Danniyar Manyan Ƙasashe: Ƙaddara Ce ko Zaɓi?

Tambaya: "Malam, kullum muna musu a majalisarmu kan Amurka, Rasha, Faransa da China. Wani abokina ya ce duniya zaman kashin dankali ce tun fil'azal, dole a samu babba da zai danne ƙanana, kuma gara ma a same shi, don in babu shi kowa zai ci kowa. Ni kuma ina ganin zalunci ne kawai aka yi wa kwalliya. Shin dole ne a samu ƙasar da za ta riƙa juya duniya? In kuwa dole ne, hakan ya wanke ta?"

Ɗan'uwa, tambayoyi biyu ka ɗaure da igiya ɗaya, kuma yawancin musun da ake yi a kan wannan batu daga nan yake rikicewa. Ta farko ta tarihi ce: shin abin yana faruwa ko an so ko ba a so? Ta biyu ta adalci ce: in ya faru, mai yin sa yana da hujja? Abokinka ya amsa ta farko, sai ya ɗauka ya gama da ta biyu. A ganina, bambancin ƙarfi tsakanin ƙasashe babu makawa a cikinsa. Amma mayar da ƙarfin nan izinin mallakar wasu, wannan shawara ce da mutane ke zama su yanke bayan sun auna riba da asara, kuma tarihi ya nuna sau da yawa sukan fasa idan asarar ta yi nauyi.

Kafin mu yi nisa, a raba abubuwa 3 da ake cakuɗawa. Akwai ƙasa mai ƙarfi kawai, kamar Jamus ko Japan a yau, masu arziki da masana'antu amma ba sa naɗa wa kowa shugaba. Akwai mai rinjaye, wadda ita ke tsara dokokin wasa, sauran su bi saboda akwai abin da suke samu ko abin da suke tsoro. Sai mai mallaka, wadda ke karɓe ikon yanke shawara daga hannun mutanen wata ƙasa, ko da soja, ko da bashi, ko ta hanyar ɗora musu wanda take so. Idan ba a raba su ba, sai ka ji ana kare na uku da hujjar na farko.

Daga ina rinjayen yake zuwa

Abokinka yana da gaskiya cewa abin ya daɗe, kuma ba Turawa ne suka ƙirƙiro shi ba. Songhai ta mamaye maƙwabtanta, Borno ta karɓi gaisuwa daga ƙasashen Hausa, Daular Sakkwato ta faɗaɗa da yaƙi, Rabe ya ci Borno a 1893. Wanda zai zagi mulkin mallaka ya tsallake waɗannan bai yi wa kansa adalci ba.

Sai dai idan ka duba kowace mamaya da kyau, za ka ga tana da musabbabi da ake iya nunawa da yatsa, kuma kusan kullum tazara ce ta makami, ta kuɗi ko ta tsari, wadda ta buɗe na wani lokaci. A Tondibi a 1591, sojojin Maroko 'yan dubbai sun tarwatsa rundunar Askiya Ishaƙ na biyu, sarkin Songhai, da ta ninka su, saboda suna da bindiga. A Omdurman ta Sudan a 1898, mayaƙan Mahdiyya sama da 10,000 suka kwanta dama a yini guda, ɓangaren Ingila da Masar kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Rundunar da ta ci Kano a watan Fabrairun 1903 ba ta kai mutum 1,000 ba, kuma mafi yawansu baƙaƙen fata ne, Turawan 'yan ƙalilan ne a cikinsu. Abin da suka riƙe shi ne igwa mai fasa ƙofar gari da bindiga mai ruwa ta Maxim, wadda ke fitar da harsashi wajen 600 a minti guda. Doki da sulke da lifidi ba su da amsar wannan.

Ga wani abin da ba a cika faɗa ba. Tazarar nan ba ta tsaya da kanta ba, riƙe ta aka yi. A yarjejeniyar Brussels ta 1890 ƙasashen Turai sun amince su taƙaita sayar da bindigogin zamani a mafi yawan Afirka, da sunan yaƙi da cinikin bayi. Inda aka samu mai mulkin da ya tsallake wannan shinge, labarin ya sauya. Menelik na Habasha ya shafe shekaru yana sayen bindigogi daga Turawan da ke gaba da juna, ya haɗa kan sarakunan ƙasarsa, ya fito da runduna ta kusan mutum 100,000 ya karya Italiya a Adwa ranar 1 ga Maris 1896. Japan ma jiragen yaƙin Amurka ne suka iso mata a 1853, suka tilasta mata buɗe ƙofa a 1854. Ta sake tsarin mulkinta daga 1868, ta tura yaranta koyon ƙira da aikin soja, zuwa 1905 ta doke Rasha. Abin takaicin shi ne da ta yi ƙarfi ita ma ta haɗiye Koriya a 1910, wanda ke nuna cutar ba ta da launin fata.

Kuma babu daular da ta dawwama. Ibn Khaldun tun a ƙarni na 14 ya lura cewa daula tana tashi da asabiyya, wato haɗin kan mutanen da suka sha wuya tare, sannan jin daɗi da yawan haraji su cinye ta a cikin kamar zuriya 3. A wajajen 1920 Ingila na riƙe da kusan kashi 1 cikin 4 na doron ƙasa. A 1956, da ta haɗa kai da Faransa da Isra'ila suka auka wa Masar a kan mashigin Suez, Amurka ta matse mata ta fuskar kuɗi, cikin 'yan makonni ta janye. Tarayyar Sobiyet ta watse gida 15 a 1991. Saboda haka abin da ya tabbata shi ne za a riƙa samun masu ƙarfi. Wane ne, har yaushe, kuma me za a bar shi ya yi, duk waɗannan a buɗe suke.

Hujjojin da ake kare mallaka da su

Hujja ta farko ita ce ta kawo wayewa da hana zalunci. A Arewacin Najeriya, abin da Lugga, gwamnan Turawa na farko, ya fi ɗagawa shi ne hana kamun bayi, kuma gaskiya ne ana kamun bayi, gaskiya ne kuma hare-haren sun ragu ƙwarai bayan zuwansu. Amma duba yadda aka tafiyar da shi. Dokar 1901 ta hana saye da sayarwa, ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilun shekarar ɗa ne, amma ba ta 'yanta waɗanda ke cikin bauta ba. Sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya. Dalilin jan ƙafar a fili yake: noma da haraji sun dogara da waɗannan mutane, kuma Turawa ba sa son ɓata wa sarakunan da suke mulki ta hannunsu. Ita kanta Ingila da ta soke bauta a yankunanta a 1833, fam miliyan 20 ta biya diyya, kuma iyayen gijin aka biya, bayin ba su ga ko kwabo ba.

Sannan a tambayi mutanen Birnin Ƙonni irin wayewar da ta iso musu a 1899, lokacin da ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar Hausa yana ƙona garuruwa yana kashe mutane, har Sarauniya Mangu ta tare su a Lugu. Ta'asar ta kai gwamnatin Faransa ta aiko Kanar Klobb ya tsayar da su, suka harbe shi. A Kwango, daga 1885 zuwa 1908 ƙasar gaba ɗaya mallakin Sarki Leopold na Beljiyam ce shi kaɗai, ana yanke wa mutane hannu a kan roba. Da ƙasar ta samu 'yanci a 1960, 'ya'yanta masu digiri ba su kai 30 ba.

Hujja ta biyu ita ce ta gine-gine: ai sun bar mana jirgin ƙasa da makarantu. Ɗauko taswirar layin dogo ka duba. Ya iso Kano a 1911, ya miƙa Kaura Namoda da Nguru, ya shiga Jos, kuma duk reshen da ka bi zai kai ka bakin teku, Legas ko Fatakwal. An shimfiɗa shi ne don gyaɗa da auduga da fata da kuza su fita. Ya amfane mu, babu musu, fatake da manoman gyaɗa na Kano sun samu kuɗi. Amma da harajinmu da jangalinmu da ƙwadagon talakawanmu aka tafiyar da ƙasar, kuma a lokacin yaƙin duniya na biyu dubban mutane aka kwasa daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos. Indiya kuwa, ƙididdigar masana tarihin tattalin arziki ta nuna a 1750 tana samar da kusan kashi 1 cikin 4 na kayan ƙira na duniya, zuwa 1900 ta faɗo ƙasa da kashi 2 cikin 100. Injinan Turai sun taka rawa a wannan faɗuwar, amma mai iko da kwastan ɗinsa yana iya kare masaƙansa, Indiya kuwa an karɓe mata wannan iko. Japan da ba a mallake ta ba ai ta shimfiɗa nata layin dogon da kanta tun 1872.

Hujja ta uku ita ce ta abokinka, kuma ita ce mai nauyi, don haka kada ka raina ta. Cewa yake in babu babba, rikici ya fi yawa. Akwai abin dubawa a nan. Lokacin da Turai ke da manyan ƙasashe 5 ko 6 masu ƙarfi kusan ɗaya, yaƙin duniya 2 suka haifar, na biyun ya ci rayuka sama da miliyan 60. Daga 1945 zuwa yau manyan ƙasashe ba su sake gwabza yaƙin duniya ba. Jiragen ruwan kasuwanci suna ratsa tekuna da aminci mafi yawan lokaci, kuma rundunar ruwan Amurka na da hannu a wannan. Shirin tallafin Amurka na Marshall ya zuba kusan dala biliyan 13 wajen tayar da Yammacin Turai. Da Saddam ya haɗiye Kuwait a 1990, ƙaramar ƙasar ba ta da yadda za ta yi sai da aka zo aka fitar da shi a 1991.

Amsata ita ce wannan zaman lafiya ba a raba shi daidai ba. Turai ta huta, yaƙin ya koma Koriya, Biyetnam, Angola, Mozambik da Afganistan. An kifar da Musaddiƙ a Iran a 1953 bayan ya mayar da man ƙasarsa hannun gwamnati. An kashe Lumumba na Kwango a Janairun 1961. An kifar da Allende a Chile a 1973. A ɗaya ɓangaren tankokin Sobiyet sun murƙushe Hangari a 1956 da Chekoslobakiya a 1968. A 2003 aka mamaye Iraƙi ba tare da amincewar Kwamitin Sulhu ba, a kan makaman ƙare dangin da ba a taɓa samu ba. A 2011 aka ɗauki ƙuduri mai lamba 1973, na kare fararen hula a Libiya, aka miƙar da shi har ya zama kifar da gwamnati, makaman rumbunan Gaddafi suka kwararo Mali a 2012, kuma Sahel na biyan wannan bashin har yau. Makaman nukiliya ma suna da kaso babba a dalilin da ya hana manyan ƙasashe faɗa da juna, bai kamata a jingina komai ga kirkin mai rinjaye ba.

Yadda ake juya akalar a yau

Yanzu ba a cika aiko da Razdan da Di'o ba, abin ya koma cikin dokoki da asusu, kuma ya kamata mai musu ya san inda maɓallan suke. Majalisar Ɗinkin Duniya na da mambobi 193, amma 5 ne kawai ke da kujerar dindindin da ikon hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu: Amurka, Rasha, China, Ingila da Faransa. Afirka mai ƙasashe 54 ba ta da ko ɗaya, duk da cewa tun matsayar Ezulwini da Tarayyar Afirka ta cimma a 2005 take neman 2. Gyaran kuwa ba zai yiwu ba sai su biyar ɗin sun sa hannu.

A Asusun Ba da Lamuni na Duniya, manyan shawarwari na buƙatar kashi 85 cikin 100 na ƙuri'u, Amurka kuma na riƙe da sama da kashi 16. Yi lissafi, ita kaɗai tana iya tsayar da komai. Bisa al'ada Ba'amurke ke shugabantar Bankin Duniya, ɗan Turai kuma ke riƙe Asusun. Fiye da rabin kuɗin ajiyar ƙasashen duniya da dala ake riƙe su, mai da alkama da dala ake cinikinsu, kuma yawancin biyan dala sai ya ratsa ta bankunan Amurka. Nan ne takunkumi ke samun haƙora. Da Rasha ta auka wa Yukiren a 2022, an daskarar da kusan dala biliyan 300 na ajiyarta, an cire wasu bankunanta daga hanyar tura kuɗi ta SWIFT. Ko kana ganin ta cancanci haka, tunda mamaya ta yi ƙiri-ƙiri, ka lura babu wanda ya iya yi wa Amurka makamancinsa a 2003.

Kusa da gida akwai sefa. An ƙirƙiro ta a 1945, an ɗaure ta da kuɗin Faransa, yanzu da yuro, a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya. A Janairun 1994 aka rage darajarta da rabi a dare ɗaya. Shekaru da dama ƙasashen da ke amfani da ita suna ajiye rabin kuɗin ajiyarsu na waje a baitulmalin Faransa, sai gyaran da aka sanar a ƙarshen 2019 ya ɗauke wannan sharaɗi ga Afirka ta Yamma. A yi adalci, sefa ta kare masu ita daga irin hauhawar farashin da naira da sidin Gana suka sha. Kuɗin wannan kariya shi ne ƙasa ba ta da ikon sassauta darajar kuɗinta idan tattalin arzikinta ya buƙata.

Da me za a auna halacci

Idan ana muhawarar nan, tambayoyin da na ga sun fi raba gardama su ne waɗannan: an nemi yardar mutanen da abin ya shafa, ko shugabansu kawai aka saya? Suna iya cewa a'a su kwana lafiya? Dokar da babban ke ɗora wa wasu tana hawa kansa? Mai gadin da ka ɗauka kana iya sallamarsa, ranar da ya zama ba ya sallamuwa to gidan ya tashi daga naka.

Gwada ta biyu da Gini. A ƙuri'ar raba-gardama ta 28 ga Satumba 1958, ita kaɗai ta ce a'a ga tayin De Gaulle, jagoran Faransa, na ci gaba da zama ƙarƙashin inuwar Faransa, sai Faransa ta kwashe ma'aikatanta da kayan aiki ta yanke tallafi, don sauran su ga aya. A Nijar Djibo Bakary da jam'iyyar Sawaba sun yi kiran a ce a'a, suka rasa mulki, daga baya aka haramta jam'iyyar. Gwada ta uku da kotun duniya ta Hague. A 1986 ta yanke wa Amurka hukunci a ƙarar da Nikaraguwa ta kai, Amurka ta yi watsi da shi. A 2016 wata kotun sasanci ta ƙi amincewa da iƙirarin China a tekun kudancinta, China ta ce ba ta san zancen ba. Najeriya kuwa, wadda ta fi Kamaru yawan jama'a da soja nesa ba kusa ba, an yanke mata hukunci a kan Bakassi a 2002, ta miƙa yankin a 2008 duk da zafin da 'yan ƙasa suka ji. Ashe mai ƙarfi yana iya bin doka in ya ga dama.

Wannan awo yana da iyaka, kuma gara in faɗa. Akwai lokacin da rashin shiga tsakani shi ne laifin. A Ruwanda a 1994 an kashe mutane wajen 800,000 cikin kwana 100, manyan ƙasashe na kallo, har rage sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya aka yi. Kalmar 'yancin kai ma azzaluman cikin gida sun sha fakewa da ita. Don haka ban ce kowace shiga haramun ce ba. Abin da ke bambanta su shi ne wa ya ba da izini, mene ne iyakar aikin, kuma ana tafiya in an gama ko ana zama.

Abin da ya rage wa ƙaramar ƙasa

Mulkin mallaka na kai-tsaye ya ƙare ne da ya zama ba ya biyan kuɗin kansa. Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu ta Biyetnam a 1954, ta yi shekara 8 tana yaƙi a Aljeriya kafin ta haƙura a 1962. Taron Bandung na 1955 ya tara ƙasashe 29 na Asiya da Afirka, a 1960 ƙasashen Afirka 17 suka samu 'yanci, a Disambar shekarar kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 1514 da ya ce a kawo ƙarshen mallaka. Abin da aka shekara ɗaruruwa ana cewa ƙaddara ne, cikin shekara 20 ya zama abin kunya.

Abubuwan da ke ɗaga farashin danniya sanannu ne. Ƙasa ta ciyar da kanta, don mai jiran jirgin alkama ba ya ɗaga murya. Ta tara harajinta ta rage bashin da ake biya da dala. Ta sarrafa albarkatunta kafin su fita, kamar yadda Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen nikel daga 2020 har kamfanoni suka zo suka kafa matatu a can, ko yadda Botswana ta riƙe rabin kamfanin haƙar lu'ulu'unta. Ta yi ciniki da kowa ba tare da ta jingina da ɗaya ba. Kuma ta yi magana tare da maƙwabta. Janar Murtala ya iya yin fatali da wasiƙar Shugaba Ford na Amurka a kan Angola a taron Addis Ababa na Janairun 1976 saboda a lokacin Najeriya na da kuɗin mai kuma ba ta cikin ƙangin bashi.

Inda abin ke lalacewa shi ne a ɗauki sauya ubangida a matsayin 'yanci. Nijar ta sallami sojojin Faransa a ƙarshen 2023, Amurkawa suka bar sansanin Agadas a 2024, kuma ƙorafin da ya kai ga haka na gaske ne: tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, amma mafi yawan 'yan ƙasar ba su da lantarki. Sai dai tambayoyin nan da muka yi wa Faransa, su za a yi wa Rasha da China da Turkiyya da ƙasashen Larabawa masu kuɗi. Siri Lanka ta ba wani kamfanin China hayar tashar jiragen ruwan Hambantota na shekara 99 a 2017 lokacin da bashi ya shaƙe ta. Duk yarjejeniyar ma'adinai ko ta tsaro da aka ƙulla, a nemi sanin shekara nawa ce, kashi nawa ƙasa za ta samu, a wace kotu za a yi shari'a in an saɓa, wa zai biya gyaran ƙasa da ruwan da aka gurɓata, kuma ko an kai ta gaban majalisa an buga ta kowa ya karanta.